Sharhi: Ali Modu Sheriff da iyakar ƙarfin gida a siyasar Borno

A ranar 29 ga Mayu, 2027, wa'adi na biyu na Gwamna Babagana Umara Zulum zai cika, kuma tsarin mulki bai ba shi damar sake neman kujerar ba. Wannan ya sa hankalin masu bibiyar siyasar Arewa maso Gabas ya koma kan tambayar wanda zai gaje shi, da kuma waɗanda za su yi tasiri wajen fitar da magajin.

Duk lokacin da aka buɗe irin wannan zance a Maiduguri, da wuya a rufe shi ba a ambaci Sanata Ali Modu Sheriff ba, wanda magoya bayansa ke kira SAS. Dalili kuwa a fili yake. Mutum uku ne suka mulki Borno daga 2003 zuwa yau, kuma dukkansu reshen bishiya ɗaya ne: Sheriff ya naɗa Kashim Shettima kwamishina kafin ya zama ɗan takarar jam'iyyarsa, shi kuma Shettima ya naɗa Zulum kwamishina kafin ya miƙa masa tuta. Abin lura shi ne, wanda ya dasa bishiyar bai sake cin wani zaɓe ba tun daga 2007.

Tarihin siyasarsa ya cancanci nazari saboda yana nuna abin da babban gida ke iya saya wa ɗansa a siyasar Arewa, da kuma inda ƙarfin gidan ke tsayawa. Yana kuma nuna waɗanda ke biyan farashi idan aka gina mulki a kan mutum guda da aljihunsa, wato mazauna tsofaffin unguwannin Maiduguri irin su Abbaganaram, Gwange da Budum.

Gidan Galadima

An haifi Ali Modu Sheriff a 1956 a garin Ngala, kusa da iyakar Najeriya da Kamaru. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Modu Sheriff, hamshaƙin ɗan kasuwa ne kuma shi ne Galadiman Dikwa. Ba daga zuriyar Shehu El-Kanemi gidan ya fito ba, amma yana cikin gidajen da suka haɗa abubuwa biyu masu nauyi a ƙasar Borno, wato rawani da dukiya.

Mai karatu Bahaushe zai fi gane nauyin wannan sarauta idan ya tuna cewa daga Borno sarautar Galadima ta shigo ƙasar Hausa, tare da irin su Ciroma, Yarima da Kacalla. A tsohuwar daular Borno, Galadima ne ke riƙe da yammacin ƙasa daga Nguru. Garin Ngala ma yana da nasa tarihi, domin a nan Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi yake zaune a farkon ƙarni na 19 lokacin da Mai na Borno ya nemi taimakonsa a kan mayaƙan jihadi. Dikwa kuwa ita Rabeh ya mayar hedikwatarsa bayan ya ci Borno a 1893, har zuwa kashe shi a 1900. Daga baya yankin ya shiga hannun Jamusawa, sannan Turawan Ingila, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya tabbata cikin Najeriya.

Bayan tarihi akwai tattalin arziki. Gamboru-Ngala ƙofa ce ta fataucin da ke ratsa Fotokol da Kuseri zuwa Njamena. Gidan da ya yi ƙarfi a kan wannan hanya yana da abokan hulɗa a ƙasashe uku. Sheriff ya yi sakandare a Bama, ya tafi Landan ya karanci harkokin kasuwanci, sannan ya dawo a farkon shekarun 1980 ya shiga kamfanin gine-gine na mahaifinsa kafin ya kafa nasa. Lokacin da ya shiga siyasa yana da suna da aka sani, da kuɗin da ba ya buƙatar roƙon kowa, da kuma hanyar shiga fadar kowane hakimi.

Ya kamata a lura cewa a wannan zamani sarautar gargajiya ta riga ta rasa mafi yawan ikonta na doka. Gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna. Ɗan babban gida da ke son iko na haƙiƙa dole ya nemo shi ta akwatin zaɓe.

Shiga fage

Borno ta daɗe da sunan jihar da ba ta bin gwamnatin tsakiya ido rufe. A shekarun 1950 Ibrahim Imam, wanda shi ma ɗan babban gida ne, ya ajiye muƙamin babban sakataren NPC ya jagoranci ƙungiyar matasan Borno ta BYM wajen adawa da En'e. A 1979 jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim ce ta ci jihar, Mohammed Goni ya zama gwamna, kuma a Janairun 1980 gwamnatin NPN ta kori shugaban masu rinjaye na majalisar jihar, Shugaba Abdurrahman Darman, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, matakin da kotu ta soke daga baya.

A cikin wannan yanayi Sheriff ya fara gwada ƙarfinsa a zaɓen majalisar dattawa na 1992. Jam'iyyar SDP ce ke mulkin jihar ƙarƙashin Maina Ma'aji Lawan, shugabanta na ƙasa kuma ɗan Borno ne, Ambasada Babagana Kingibe. Sheriff ya tsaya a NRC yana da shekara 36, ya kayar da Hajiya Kolo Kingibe, matar shugaban SDP, a mazaɓar Borno ta Tsakiya. Wannan nasara ce ta fara fito da sunansa a ƙasa.

Daga nan bai yarda a yi wata tafiya ba da shi ba. Ya halarci Taron Tsarin Mulki na 1994 zuwa 1995 a zamanin Janar Sani Abacha. Ya ci kujerar sanata a UNCP a zaɓen Afrilun 1998, wanda aka rushe bayan rasuwar Abacha. A 1999 ya koma majalisar dattawa a jam'iyyar APP. Cikin shekara bakwai ya ci kujera ɗaya sau uku a jam'iyyu uku daban-daban, abin da ke nuna cewa jama'arsa shi suke bi, kowace irin tuta ya ɗauka.

Daga naɗa gwamna zuwa zama gwamna

Masu nazarin siyasar Borno sun yi ittifaƙi cewa Sheriff na cikin manyan waɗanda suka ɗauki nauyin takarar Mala Kachalla a 1999. Zaman bai yi tsawo ba. Kafin 2003 Sheriff ya karɓe ragamar jam'iyyar, wadda ta koma ANPP, ya kuma samu tikitin takarar gwamna. Kachalla, yana kan kujera, ya koma jam'iyyar AD. Sheriff ya kayar da shi tare da ɗan takarar PDP, Kashim Ibrahim-Imam, ɗan marigayi Ibrahim Imam. A 2007 ya sake kayar da Imam, ya zama gwamnan Borno na farko da ya yi wa'adi biyu a jere.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna ƙarfin PDP a lokacin. A zaɓen 2003 ANPP ta rasa Gombe, Kogi da Kwara, a 2007 kuma ta rasa Sakkwato, Kebbi da Jigawa. Borno ta tsaya. Har yau PDP ba ta taɓa cin kujerar gwamna a jihar ba, kuma wani ɓangare na wannan tarihi aikin Sheriff ne.

Magoya bayansa suna lissafa tituna da rukunin gidaje da aka gina a Maiduguri a zamaninsa, suna kuma cewa ya bar wa magajinsa kuɗi a baitulmali. Masu sukarsa suna cewa shekara takwas na kuɗin mai sun wuce ba tare da an ga canji a makarantun firamare da asibitocin karkara ba, a jihar da dama tana cikin na baya a ƙasar wajen shigar yara makaranta. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne salon mulkin: komai daga hannun gwamna yake fitowa, kuma biyayya gare shi ita ce hanyar samun rabo.

Gwamna da masarauta

Abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen mulkinsa sun nuna yadda dangantakar rawani da kujerar gwamna ta juye. A Fabrairun 2009 Shehun Borno Mustapha Umar El-Kanemi ya rasu, kuma gwamnatin Sheriff ce ta amince da naɗin Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi a matsayin sabon Shehu. A 2010 kuma gwamnatin ta raba tsohuwar masarautar Dikwa gida biyu. Shehun da ke zaune a Bama ya ci gaba da riƙe Bama, aka kafa sabuwar masarautar Dikwa mai hedikwata a garin Dikwa, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Dikwa, Ngala da Kala-Balge.

Ma'anar wannan ita ce ɗan Galadiman Dikwa ya kai matsayin da shi ke miƙa sandar girma ga sarakunan da mahaifinsa ke yi wa mubaya'a, shi ke kuma shata iyakar ƙasarsu. Irin wannan ya faru a Kano a 2019 lokacin da aka raba masarautar gida biyar, aka kuma soke rabon a 2024. Darasin ɗaya ne: a Najeriya ta yau majalisar dokokin jiha da sa hannun gwamna sun isa su sake fasalin masarauta mai ɗaruruwan shekaru. Sarauta tana ƙara wa ɗan siyasa kwarjini, amma iko yana gidan gwamnati.

Inuwar shekarar 2009

Babu yadda za a yi a auna tarihin Sheriff ba tare da an tsaya a kan wannan shekara ba, kuma a nan ne ya fi kamata a bambanta abin da ya tabbata da abin da ake zargi.

Abin da ya tabbata shi ne, a zamanin mulkinsa ƙungiyar Mohammed Yusuf ta bunƙasa a Markaz ɗinta da ke unguwar tashar jirgin ƙasa. Alhaji Buji Foi, wanda aka san kusancinsa da Yusuf, ya riƙe muƙamin kwamishinan harkokin addini a gwamnatin kafin ya ajiye. A Yunin 2009 jami'an rundunar tsaro ta jihar, Operation Flush, suka yi arangama da mabiya Yusuf a hanyarsu ta zuwa maƙabarta, a kan dokar sanya hular kwano, aka harbi wasu daga cikinsu. A ƙarshen Yuli rikici ya ɓarke daga Bauchi ya iso Maiduguri, inda aka kashe sama da mutum 700 cikin 'yan kwanaki. Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli, haka ma Buji Foi aka kashe shi bayan an kama shi.

Abin da ake zargi shi ne an ƙulla wata fahimta tsakanin Sheriff da Yusuf gabanin zaɓen 2003, a lokacin da batun aiwatar da shari'ar Musulunci ke kan gaba a siyasar jihar. Rahotannin wasu cibiyoyin bincike na ƙasashen waje sun kawo wannan zance, kuma a 2014 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Stephen Davis, ya ambaci sunansa cikin masu ɗaukar nauyin ƙungiyar. Sheriff ya sha musanta duk wannan a bainar jama'a. Hujjarsa ita ce gwamnatinsa ce ta yaƙi ƙungiyar, kuma danginsa da abokan siyasarsa na cikin waɗanda ta fara kashewa. Babu wata kotu da ta same shi da laifi a kan wannan batu.

Akwai kuma abu na uku, wanda takardar gwamnati ta tabbatar. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a 2011 ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya danganta tushen matsalar tsaro a yankin da ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa da 'yan siyasa suka kafa gabanin zaɓen 2003, suka kuma watsar bayan sun samu biyan buƙata. A Borno ana kiransu ECOMOG, a Gombe 'Yan Kalare, a Bauchi Sara-Suka. Ko da an ajiye duk wani zargi a gefe, wannan ya isa abin tunani. Siyasar da ta saba wa matashi da makami da kuɗin kashewa a lokacin kamfe, sannan ta bar shi ba makaranta ba sana'a, ta shirya shi ne domin wanda zai zo daga baya da wani kira.

Unguwar Abbaganaram ba ta da nisa da inda Markaz yake. Daga 2010, lokacin da ƙungiyar ta dawo ƙarƙashin Abubakar Shekau, zuwa 2013, sunan unguwar ya riƙa fitowa a sanarwar rundunar haɗin gwiwa ta JTF tare da Budum, Kaleri, Gwange da London Ciki. Mazauna waɗannan wurare sun shiga tsaka mai wuya. 'Yan bindiga na kashe masu unguwanni, malamai da duk wanda suke zargin yana ba hukuma labari, jami'an tsaro kuma na killace layi su kwashe matasa bayan kowane hari, lamarin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta rubuta rahotanni a kai. A Yulin 2011 aka hana hawa babur a birnin, dubban 'yan acaɓa suka rasa abin yi. Iyalai da dama sun kulle gidajensu sun bar unguwanninsu.

Sauƙi bai zo ba sai a tsakiyar 2013, bayan dokar ta-ɓaci da aka ayyana a Borno, Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, lokacin da matasan unguwanni suka ɗauki gora da adda suka fara zaƙulo 'yan ƙungiyar da kansu. Waɗannan su ne 'yan ƙato da gora. Masu manyan gidaje suna da Abuja, Kano da ƙasashen waje da za su koma. 'Ya'yan talakawa ne suka tsaya a bakin layi.

Shekarar juyi

Rikicin ya taɓa gidan Sheriff kai tsaye. A Oktoban 2010 aka kashe Alhaji Awana Ngala, jigo a ANPP kuma na kusa da shi. Ranar Juma'a 28 ga Janairu, 2011, 'yan bindiga suka harbe ɗan takarar gwamna na ANPP, Injiniya Modu Fannami Gubio, tare da ƙanin gwamnan, Alhaji Goni Sheriff, da wasu mutane, jim kaɗan bayan sallar Juma'a.

Wannan kisa ne ya buɗe wa Kashim Shettima hanya. Shettima ma'aikacin banki ne da Sheriff ya ɗauko daga Zenith a 2007 ya ba shi ma'aikatar kuɗi, sannan ya zagaya da shi wasu ma'aikatu. A zaɓen Afrilun 2011 Shettima ya zama gwamna. A zaɓen wannan shekarar kuma Sheriff, yana gwamna mai barin gado, ya nemi komawa kujerar sanatan Borno ta Tsakiya ya sha kaye a hannun Ahmed Zanna na PDP. Mazaɓar ta ƙunshi Maiduguri, Jere, Konduga, Mafa, Bama, Dikwa, Kala-Balge da mahaifarsa Ngala. Jama'ar da suka zaɓe shi sau uku a jam'iyyu uku ne suka juya masa baya, alhali sun bar jam'iyyarsa a gidan gwamnati. Hukunci ne a kan mutum, kuma shi ne karo na farko da sunan gida da dukiya suka kasa.

Hausawa na cewa ba a sarki biyu zamani ɗaya. Abin da ya shiga tsakaninsa da Kachalla ya sake shiga tsakaninsa da Shettima, sai dai a wannan karo wanda ke kan kujera ne ya yi rinjaye.

Abuja ta karɓe shi, ta kuma sake shi

A matsayinsa na shugaban kwamitin amintattu na ANPP, Sheriff na cikin waɗanda suka jagoranci haɗewar ACN, CPC, ANPP da wani ɓangare na APGA, wadda ta haifar da APC da aka yi wa rajista ranar 31 ga Yuli, 2013. Shekara guda bayan haka ya fice zuwa PDP, bayan saɓani da wasu jagororin sabuwar jam'iyyar da kuma gwamnan jiharsa.

Lokacin bai yi masa daɗi ba. A 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, aka kashe ɗaruruwan mutane a Gamboru-Ngala a watan Mayu, sannan Gwoza, Dikwa, Gamboru-Ngala da Bama suka faɗa hannun Boko Haram. Ganinsa a Njamena a watan Satumba lokacin ganawar Shugaba Jonathan da Shugaba Idriss Déby ya jawo ce-ce-ku-ce, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba ya cikin tawagarta. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015 Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a 473,543 a Borno, Jonathan ya samu 25,640. Shettima kuma ya koma kujerarsa cikin sauƙi.

Duk da haka, a Fabrairun 2016 gwamnonin PDP, musamman Nyesom Wike na Ribas da Ayodele Fayose na Ekiti, suka mara masa baya ya zama shugaban jam'iyyar na ƙasa domin ƙarasa wa'adin Arewa maso Gabas bayan murabus ɗin Adamu Mu'azu. Jam'iyyar da ta rasa baitulmalin tarayya tana neman mai iya ɗaukar nauyinta. Wata uku kacal aka yi. Babban taron Fatakwal na ranar 21 ga Mayu ya rushe shugabancinsa ya kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Sanata Ahmed Makarfi. Sheriff ya ƙi amincewa.

Abin da ya biyo baya ya zama abin misali a tarihin shari'ar siyasa. Manyan kotunan tarayya a Abuja, Legas da Fatakwal sun riƙa ba da umarni masu cin karo da juna, 'yan sanda suka rufe hedikwatar jam'iyyar ta Wadata. A zaɓen gwamnan Ondo na Nuwamban 2016 hukumar zaɓe ta sanya sunan Jimoh Ibrahim na ɓangaren Sheriff, sai ana saura 'yan kwanaki kotu ta mayar da Eyitayo Jegede, kuma APC ta ci zaɓen. Kotun Ɗaukaka Ƙara a Fatakwal ta ba Sheriff gaskiya a Fabrairun 2017, amma ranar 12 ga Yuli, 2017, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Makarfi.

A 2018 ya koma APC. A 2022 ya nuna sha'awar shugabancin jam'iyyar, aka ware kujerar ga Arewa ta Tsakiya, Sanata Abdullahi Adamu ya samu. A shekarar ce kuma Bola Tinubu ya zaɓi Shettima mataimaki. Tsohon kwamishinan ya riƙe kujerar sanatan Borno ta Tsakiya daga 2019, sannan ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa a 2023.

Ba Borno kaɗai ba

Jihar Kwara ta ga kwatankwacin wannan. Dokta Olusola Saraki, Wazirin Ilori, ya ɗora Mohammed Lawal a 1999, suka ɓata, ya kawo ɗansa Bukola a 2003. A 2011 uba ya goyi bayan 'yarsa Gbemisola, ɗa ya goyi bayan Abdulfatah Ahmed kuma ya yi nasara. A 2019 guguwar O to ge ta kwashe gidan baki ɗaya, har Bukola ya rasa kujerarsa yana shugaban majalisar dattawa.

A Katsina gidan Mutawalle Musa 'Yar'aduwa ya bi wata hanya dabam. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya gina ƙungiyar siyasa mai rassa a faɗin ƙasa, wadda ta rayu bayan rasuwarsa a kurkukun Abakaliki a 1997, ta kuma zama ɗaya daga ginshiƙan PDP. Ƙaninsa Umaru ya yi gwamna shekara takwas ya zama shugaban ƙasa a 2007. Bambancin shi ne, ƙungiyar da ke da tsari da mutanen da aka horar tana iya ci gaba ba tare da wanda ya kafa ta ba. Wadda aka gina a kan rabon kuɗi tana bin duk wanda ke riƙe da baitulmali.

Abin da ke gaban Borno

Zulum, wanda ya gaji Shettima, ya fito ne daga gidan talakawa a Mafa, ya yi karatu har ya zama farfesa, ya shugabanci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, sannan ya riƙe ma'aikatar sake gina garuruwa da tsugunar da 'yan gudun hijira daga 2015. Farin jininsa ya samo asali ne daga ganinsa a Baga, Monguno da sansanonin gudun hijira. Wannan alama ce cewa ma'aunin masu zaɓe a jihar ya sauya bayan shekarun yaƙi. Amma hanyar da ya bi ya hau ba ta sauya ba, domin gwamna mai barin gado ne ya nuna shi, kamar yadda aka nuna wanda ya gabace shi.

A nan ne tambayoyin 2027 suke. Ta farko, ko 'yan jam'iyya ne za su zaɓi ɗan takara a zaɓen fitar da gwani na gaskiya, ko kuwa manya ne za su sake zama a ɗaki su fito da suna. Ta biyu ita ce ta adalci tsakanin shiyyoyi, domin tun 1999 duk gwamnonin jihar daga Borno ta Tsakiya suka fito, kuma Kudancin Borno, inda Biu, Gwoza da Chibok suke, bai taɓa samar da zaɓaɓɓen gwamna ba. Ta uku, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce makomar dubban matasan ƙato da gora da suka saba da makami. Rahoton Galtimari ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan 'yan siyasa suka mayar da irin waɗannan matasa dakarun kamfe.

Mazauna tsofaffin unguwannin Maiduguri suna da wani sabon ma'auni kuma. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, ya shiga fadar Shehu, Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, an yi irin wannan ambaliya daga madatsar. Gwamnatoci da dama, na jiha da na tarayya, sun shuɗe tsakanin ambaliyar biyu. Mutumin da ya rasa shagonsa a yaƙi sannan ya rasa gidansa a ruwa zai fi son jin wanda zai gyara madatsa, ya yashe magudanan ruwa, ya sa malami a aji, fiye da jin sarautar kakan ɗan takara.

Ali Modu Sheriff yana nan a fagen siyasa, yana da dukiya, yana da mabiya, kuma babu mai hankalin da zai raina mutumin da ya kayar da gwamna mai ci, ya kuma riƙe babbar jam'iyyar adawa a kotu sama da shekara guda. Sai dai sakamakon 2011 da na 2015 sun nuna cewa masu zaɓen Borno sun san yadda ake raba mutum da kujera idan suka ga dama. 'Ya'yan manyan gidajen da ke shirin fitowa takara a 2027 za su amfana idan suka karanta waɗannan alƙaluma kafin su buga fosta.